Saƙon Insulin, Mabiyiya da Gwajin Suga: Darasi ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi wata tambaya da mata ke yawan yi wa ma'aikatan jinya a ɗakin awo: me ya sa ake matsa wa mai ciki ta yi gwajin suga, alhali ba ta jin ciwon komai, wataƙila ma duk danginsu babu mai ciwon suga?

Amsar tana tattare da yadda sassan jiki ke aika wa juna saƙo, da kuma wani ilimi da masana suka samo daga mabiyiya, wadda wasu ke kira uwa. Za mu bi abin daki-daki. Za ki ci karo da sunayen kimiyya guda uku ko huɗu. Kada su ba ki tsoro, ba a ce ki haddace su ba. Abin da muke so shi ne idan an miƙo miki takardar gwaji ki san dalilinta.

1. Yadda saƙo ke shiga ƙwayar halitta

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ki ɗauki jiki a matsayin babban gari, kowace ƙwaya kuma gida ce mai katanga da zaure. Jini shi ne hanyar da ta ratsa kowane lungu.

Idan kin ci tuwo ko shinkafa ko kin sha koko, hanji yana narkar da abincin ya zama suga, sugan ya shiga jini. Amma sugan da ke yawo a kan hanya bai amfani kowa ba sai ya shiga gida, domin a cikin ƙwayar halitta ne ake ƙona shi a sami ƙarfi. Ƙofofin da suga ke bi ya shiga ƙwayoyin tsoka da na kitse kuwa ba a buɗe su sai an kawo umarni.

Mai kawo wannan umarni shi ne insulin. Wani sinadari ne da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take zubawa cikin jini bayan an ci abinci. An gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921.

Insulin baƙo ne mai ladabi. Ba ya kutsawa cikin gida. A ƙofar zaure yake tsayawa ya yi sallama. A jikin katangar kowace ƙwaya akwai wani furotin da aikinsa shi ne amsa wannan sallama, rabinsa a waje, rabinsa a ciki. Za mu kira shi mai karɓar insulin. Da zarar insulin ya dafa shi daga waje, sai ɓangarensa na ciki ya motsa, saƙo ya bi daga hannu zuwa hannu har ya isa ƙuryar gida, sai a buɗe ƙofofi suga ya shigo.

2. Mai kunnawa da mai kashewa

To, da wane harshe ake isar da saƙon a cikin gida? Da wata 'yar ƙaramar alama ce mai suna fosfet. Idan aka maƙala wa furotin wannan alama sai ya tashi ya kama aiki, idan aka cire masa ita sai ya koma ya zauna. A wasu furotin ɗin kuma akasin haka ne. Malamai biyu na Jami'ar Washintan da ke birnin Siyatil a Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs, su suka gano wannan tsari a shekarun 1950, aka ba su lambar yabo ta Nobel a kansa a 1992.

Furotin kamar tsakiya yake da aka jera da ƙananan duwatsu iri 20. Ɗaya daga cikin duwatsun sunansa tairosin. A 1979 wani masani mai suna Tony Hunter, a jihar Kalifoniya, ya gano cewa ana maƙala fosfet a kan tairosin. Daga baya aka fahimci cewa ta wannan hanya ce saƙon insulin da saƙonnin girma da na rabuwar ƙwayoyi suke tafiya.

Ma'aikata iri biyu ne ke kula da alamar. Masu maƙala ta ana kiransu kaines. Masu cire ta daga kan tairosin ana kiransu fosfates, a taƙaice kuma masana na rubuta PTP. Mai karɓar insulin shi kansa kaines ne, wato mai kunnawa.

Kada ki ɗauka mai kashewa mugu ne. Famfon da ba ya rufuwa ɓarna yake yi. Da saƙon insulin zai ci gaba ba tsayawa, da suga ya ƙare a jini mutum ya suma. Da saƙon girma zai ci gaba ba tsayawa, da ƙwayoyi sun yi ta hayayyafa ba ƙa'ida, wanda shi ne tushen ciwon daji. Lafiya tana ga daidaito tsakanin mai kunnawa da mai kashewa.

3. Abin da aka samo a mabiyiya

Shekaru da dama masana sun san dole akwai masu cire fosfet daga kan tairosin, amma ba wanda ya iya ware ɗaya shi kaɗai ya dube shi. Sai a 1988 wani matashin masani ɗan Ingila, Nicholas Tonks, yana aiki a ɗakin binciken Edmond Fischer, ya tace na farko tsantsa. Daga mabiyiyar ɗan Adam ya tace shi. Sunan da aka ba shi shi ne PTP1B.

Wato mabiyiyar nan da ake wankewa a binne bayan haihuwa ita ce ta buɗe wa duniya wannan fanni. Ba abin mamaki ba ne, domin gaɓa ce mai girma da sauri, cike da masu karɓar saƙo. A yau an san jikin mutum yana da PTP sama da iri 100. Suna kama da juna ƙwarai, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, kuma suna gauraye da dubban furotin a cikin ƙwayar da ido ba ya gani. Ta yaya mai bincike zai nuna ɗaya ya ce ga shi nan? A nan ne antibodi ya shigo.

4. Mene ne antibodi?

Antibodi makami ne na garkuwar jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira sojojin jiki, sukan ƙera wani furotin mai siffar gwafa. Bakin gwafar ya dace da wani wuri guda a jikin wannan cuta, ba ya kama kowa sai ita. Hausawa na cewa kowace ƙwarya da abokiyar burminta. To haka kowane antibodi yake da abokin burminsa.

Ke kanki kina cikin wannan aiki yanzu. Allurar rigakafin tetanus da ake yi miki a awo tana sa jikinki ya ƙera antibodi, su kuma su ratsa mabiyiya su isa ga jariri, musamman a watanni uku na ƙarshe, su kare shi daga sandarewa bayan an yanke cibiya. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, shi ma cike yake da su. Shi ya sa muke hana a matse shi a zubar.

Masana sun lura cewa abin da ke iya gane abu ɗaya tak cikin dubbai zai yi amfani a ɗakin gwaje-gwaje. Idan aka yi wa zomo allurar wani furotin, jikinsa zai ƙera antibodin da ke kama wannan furotin, sai a tace su daga jininsa. A 1975 kuma, a birnin Kambirij na Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar renon ƙwayoyin da za su riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak ba yankewa. Sun sami lambar Nobel a 1984.

Kin riga kin ga amfanin wannan da idonki. Tsinken gwajin ciki da aka tsoma a fitsarinki yana ɗauke da antibodin da ke kama wani sinadari da mabiyiya ke fitarwa. Idan ya kama shi sai layi na biyu ya bayyana. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta, da na rukunin jini, duk da antibodi suke aiki.

5. Yadda masu bincike ke aiki da su

Mai binciken PTP yana da tambayoyi uku, kuma antibodi ne ke amsa masa kowacce.

Ta farko: nawa ne a wurin? Sai ya narkar da ɗan guntun tsoka ko na mabiyiya, ya zuba ruwan a kan wani abu mai kama da daskararren kamu, ya sa wutar lantarki ta ja furotin ɗin. Ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Daga nan sai ya kwafe su a kan wata takarda ta musamman, ya zuba antibodin da ke gane PTP1B. Inda ya kama sai layi ya fito. Kaurin layin shi ke nuna yawan furotin ɗin.

Ta biyu: a ina yake zaune? Sai a yanka tsoka siriri fiye da fatar albasa, a ɗora a gilashi, a zuba antibodin da aka shafa wa rini. A ƙarƙashin madubi duk inda furotin ɗin yake sai ya ɗauki launi.

Ta uku: da wa yake hulɗa? Sai a yi amfani da antibodi kamar ƙugiyar masunci, a jawo furotin ɗin daga cikin taro, a duba su wa suka biyo shi.

Akwai kuma wani irin antibodi mai muhimmanci wanda ba ya kama furotin sai idan akwai fosfet a kan tairosin ɗinsa. Da shi ake gane ko saƙo a kunne yake ko a kashe.

Aikin yana buƙatar taka-tsantsan. Tunda 'yan gidan PTP suna kama da juna, antibodi marar inganci yana iya kama wa a maimakon ƙane, sakamako ya fito ba daidai ba. Saboda haka mai bincike na gari yakan fara gwada antibodinsa a kan ƙwayoyin da aka tabbatar ba su da wannan furotin. Idan layi ya fito a can, to antibodin ba abin dogaro ba ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a gina magani a kan bincike ɗaya, sai wasu sun maimaita sun ga abin da na farko ya gani.

6. Abin da binciken ya nuna

Ga abubuwa uku da aka tabbatar.

Na ɗaya, PTP1B yana daga cikin masu kashe saƙon insulin. A 1999 masu bincike a birnin Montiriyal na Kanada suka samar da ɓerayen da ba su da shi. Ɓerayen sun rayu lafiya, jikinsu yana jin insulin fiye da na sauran, kuma ba su yi ƙiba sosai ba ko da an ɗura musu abinci mai maiƙo. Wannan ya sa kamfanoni suka shiga neman maganin ciwon suga da zai danne PTP1B. Har yanzu babu irin wannan magani da hukumomi suka amince a ba marasa lafiya, domin yana da wuya a danne ɗaya ba a taɓa 'yan uwansa ba.

Na biyu, wani ɗan gidan mai suna SHP2 yana da hannu a ginin zuciya da girman jariri tun yana ciki. A 2001 aka gano cewa canji a ƙwayar gadon da ke ƙera shi ne ke jawo kusan rabin masu wata lalura da ake kira lalurar Noonan, wadda ke zuwa da gajarta da matsalar bawul ɗin zuciya. Ba laifin uwa ba ne, ba wani abu ta ci ko ta gani ba, kuma likitocin yara suna da taimakon da suke bayarwa idan an kawo yaro da wuri.

Na uku, wani mai suna CD45 yana jikin fararen ƙwayoyin jini. Likitocin ɗakin gwaje-gwaje suna amfani da antibodin da ke kama shi su tantance ko wani ƙari daga ƙwayoyin jini ya samo asali, domin maganin kowane irin ciwon daji daban ne.

7. Ina ruwan mai ciki da wannan?

Jariri ba ya cin tuwo. Sugan da ke jininki shi ne babban abincinsa, ta mabiyiya yake samu. Domin kada tsokokinki su shanye sugan duka, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa jikinki jin sallamar insulin. Wannan yana farawa sosai daga tsakiyar ciki, ya yi ta ƙaruwa yayin da mabiyiya ke girma. Zuwa watannin ƙarshe jin insulin yakan ragu da kusan rabi. Haka yake ga kowace mai ciki, ba cuta ba ce.

A jikin yawancin mata, fankiriyas yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Baƙo ya ɗaga murya, mutanen gida su ji. Amma a jikin wasu ƙarin ba ya isa, sai suga ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon suga na masu juna biyu.

An ga hakan a zahiri. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1999, an ɗebi ɗan guntun tsokar ciki daga matan da ake yi wa tiyatar haihuwa, da izininsu, aka duba da antibodin nan mai gane fosfet a kan tairosin. Sai aka ga a tsokar masu ciwon suga na ciki, mai karɓar insulin ba ya ɗaukar alamar kamar yadda ya kamata, suga kuma ba ya shiga sosai. Wato matsalar tana can cikin gida, inda ke ba za ki ji ta ba. Shi ya sa mace za ta iya zama da sugan da ya hau tana harkokinta. Ƙishirwa da yawan fitsari da gajiya kuwa, kowace mai ciki tana jinsu, don haka ba a dogara da su. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

8. Illar barin suga ya hau

Suga yana ratsa mabiyiya, amma insulin ɗin uwa ba ya ratsawa. Idan suga ya yi wa jariri yawa sai nasa fankiriyas ɗin ya yi ta zubo insulin, ya mai da sugan kitse. Daga nan ake samun:

a. Jariri ya yi girma fiye da kima, kilo 4 ko sama. Mutane kan yi murna da ƙaton jariri, amma yana iya jawo doguwar naƙuda, da maƙalewar kafaɗa, da yagewa ga uwa, da buƙatar tiyata. Doguwar naƙuda a gida kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari.

b. Sugan jariri ya faɗi bayan haihuwa, domin an yanke cibiya amma insulin ɗinsa yana nan da yawa. Yana iya yin laushi, ko karkarwa, ko ya ƙi kama nono.

c. Wahalar numfashi da shawara ga jariri.

d. Ruwa ya yi yawa a mahaifa, da haihuwa kafin lokaci.

e. Hawan jini na masu ciki, wanda idan ya tsananta yake kai wa ga jijjiga.

f. Mutuwar jariri a ciki, idan sugan ya hau sosai ba a kula ba.

Ba mun jera waɗannan don mu tayar miki da hankali ba ne. Matan da aka gano nasu da wuri, suka bi shawara, akasarinsu suna sauka lafiya da 'ya'yansu.

9. Yadda ake gwajin

Ki fara awo da wuri, kafin ciki ya wuce mako 12. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Babban gwajin suga ana yin sa ne tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata na shida zuwa farkon na bakwai. Ana iya yi miki tun kafin nan idan:

- kina da ƙiba;
- mahaifiyarki ko mahaifinki ko wani ɗan ɗakinku yana da ciwon suga;
- kin taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye;
- an taɓa samun suganki ya hau a wani cikin;
- kin taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a san dalili ba;
- an ga suga a fitsarinki.

Ranar gwaji za ki zo da safe ba ki ci komai ba tun dare, aƙalla awa 8. Ruwa zalla ba laifi. A kwanakin da suka gabata ki ci abincinki yadda kika saba, kada ki rage don sakamako ya yi kyau, domin kanki za ki ruɗa. Za a ɗebi jini, sannan a ba ki ruwan da aka narkar da giram 75 na suga ki shanye. Sai ki zauna wuri ɗaya, a sake ɗiba bayan awa 1 da bayan awa 2. Idan kin yi amai ki faɗa. Ki taho da abin da za ki ci bayan an gama.

Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, ana cewa akwai ciwon idan lambar farko ta kai 92, ko ta bayan awa ɗaya ta kai 180, ko ta bayan awa biyu ta kai 153. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a nasu lambobin su ne 5.1 da 10.0 da 8.5. Ko ɗaya ce ta kai, ya isa. Ki kai wa likita takardar ya yi miki bayani.

10. Idan an ce kina da shi

Abinci: ba yunwa za ki zauna da ita ba, jariri yana buƙatar abinci. Ki raba cin zuwa sau uku matsakaita da ɗan taɓawa sau biyu ko uku a tsakani. Ki rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, taliya, burodi, doya da gari. Ki ƙara ganye irin su zogale, alayyafo, rama da kabeji, da wake, ƙwai, kifi, nama da gyaɗa. Ki bar lemon kwalba, alawa, da zuba suga a shayi, koko, fura, kunu ko zoɓo. Zuma da rake da dabino su ma suna ɗaga suga. Idan azumi ya gabato, ki tuntuɓi likita tun kafin ya kama.

Motsa jiki: tafiyar minti 30 a rana, ko ta minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, sai dai idan likita ya hana. Tsokar da ke aiki tana buɗe wa suga ƙofa ko da sallamar insulin ta yi rauni.

Magani: idan abinci da tafiya ba su isa ba, likita zai rubuta allurar insulin ko ƙwayar metformin. Allurar insulin ba ta cutar da jariri, kuma yawanci ana daina ta bayan haihuwa.

Gargaɗi: za ki iya jin masu talla suna cewa bincike ya nuna wani ganye ko saiwa yana danne PTP1B, don haka yana maganin suga. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ko a jikin ɓera ba a tabbatar da shi ga mace mai ciki ba. Kada ki sha jiƙo ko gari ko ƙwayar da likitanki bai sani ba.

Haihuwa: a asibiti za ki haihu. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a kuma duba sugansa.

Ki garzayo asibiti ko da tsakar dare ne idan jariri ya rage motsi, ko kina ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko kin ga jini, ko faya ta fashe.

Bayan haihuwa: da zarar mabiyiya ta fita, sinadaranta sun tafi, suga yakan sauka. Duk da haka ki dawo a sake gwaji tsakanin mako 6 da 12, wato da kin yi arba'in, sannan duk bayan shekara 1 zuwa 3. Macen da ta yi wannan ciwo tana da haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin nan gaba fiye da wadda ba ta yi ba. Shayarwa da rage ƙiba da motsa jiki suna rage haɗarin. Idan kin sake samun ciki, ki sanar tun ranar awon farko.

11. Ga maigida da surukai

Malam, kai ne mai cefane, saboda haka rabin maganin yana hannunka. Ka tanadi kuɗin gwaji da na mota, ka bar ta ta zo a ranar da aka rubuta. Ka tanadi kuɗin haihuwa da wanda zai ba da jini idan an buƙata. Inna da Goggo, a daina cewa mai ciki ta ci na mutum biyu, a kuma daina yi mata gori idan ta ture kunun zaƙi. Idan gida duka ya rage suga, kowa ya amfana.

12. Idan an nemi ki shiga bincike

A asibitin koyarwa ana jinya, ana koyar da ɗalibai, ana kuma bincike. Wata rana mai bincike zai iya neman izinin ɗibar jininki ko ɗan guntun mabiyiya. Ki sani:

- dole a yi miki bayani da harshen da kike ji, a faɗa miki abin da za a ɗiba da abin da za a yi da shi;
- dole ne kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince da aikin kafin a fara;
- kina da damar ki yi shawara da maigida, ki yarda ko ki ƙi, kuma ƙin ba zai rage kulawar da za a ba ki ba;
- ko kin yarda, za ki iya janyewa daga baya;
- idan kuna son a ba ku mabiyiya ku binne bisa al'ada, ku faɗa wa ungozoma tun kafin haihuwa;
- ba a bayyana sunanki a sakamakon bincike.

Matambayi ba ya ɓata. Ki yi tambaya har sai kin gamsu kafin ki sa hannu ko ki dangwala.

Tambayoyin bita

1. Mene ne aikin insulin a jiki?
2. Me ya sa jikin mai ciki ke rage jin insulin?
3. A wane mako ake babban gwajin suga, kuma awa nawa ake zama ba a ci abinci ba?
4. Faɗi alamu uku da za su sa a garzayo asibiti.
5. Yaushe ake sake gwajin suga bayan haihuwa?

Ku tattauna amsoshin a gida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin da ya shige muku duhu ku zo da shi ranar awo mai zuwa, tare da katinki da duk takardun gwaji. Allah ya sauke ki lafiya.